Tawali'u ba ɓoye baiwa ba ne

A majami'u da dama na Sabon Gari a Kano, an ɗauka mai tawali'u shi ne wanda in an ba shi aiki zai ce, "Ni wa? Ban isa ba." Sai ka ga 'yar'uwa da ta iya lissafi ta ƙi riƙe littafin kuɗin zumuntar mata, a damƙa wa wadda ba ta iya ba, ƙarshen shekara lissafi ya ƙi daidaita. Ikkilisiya ce ta yi asara.

A Littafi Mai Tsarki, Romawa 12:3 ba ta ce mutum ya raina kansa ba. Cewa ta yi kada ya ɗauki kansa fiye da yadda ya kamata, ya auna kansa da natsuwa. Manzo Bulus ma, a 1 Korintiyawa 15:10, ya faɗa a fili cewa ya fi sauran manzanni aiki, nan take ya danganta shi ga alherin Allah.

Girman kai ta ƙofar kwatanta kai da wani yake shigowa. Bafarisiyen da ke cikin misalin Yesu a Luka 18, wato Bayahude mai tsananta bin addini da ya je haikali yin addu'a, ba a ce ƙarya ya yi kan azuminsa sau biyu a mako ba. Waiwayen da ya yi wa wani mai karɓar haraji da ke wurin, yana ganin ya fi shi, shi ne ya ɓata addu'arsa. Haka lokacin ba da shaida ranar Lahadi. Faɗin an warke ko an samu aiki daidai ne. Amma da an shiga ambaton kuɗin mota, ko "waɗanda suka ce ba zan kai ba", shaida ta koma habaici ga wani da ke zaune a benci na uku.