Na sayi doki, na manta da harawa

Sana'ata haɗa bidiyon biki. In kin ga amarya tana juyi a hankali furanni na zubo mata daga sama, to irinmu ne muka kwana a kai. Kwamfutar da nake aiki da ita tsohuwar ta ofis ce, ta hannu na saya, kuma in na ba ta bidiyon awa ɗaya ta fitar, sai in je Azahar, in ci abinci, in yi La'asar, in dawo in tarar tana kashi 40 cikin ɗari tana nishi.

Shi ya sa bayan Babbar Sallah na tattara kuɗin da ya isa sayen rago mai ƙaho, na sayo katin girafik, wato na'urar da ake sa wa kwamfuta don ta yi saurin aikin hoto da bidiyo, RTX 3060. A cikin adaidaita a kan cinyata na riƙe shi kamar jaririn da aka sallamo daga asibiti.

Ina isa gida na kwance murfin kwamfuta, na danna kati a raminsa ya ce ƙas. Na kunna. Fankoki suka juya, sai ga rubutun Turanci a kan baƙin allo, wai in kashe kwamfuta in haɗa wa katin wayar wutarsa. Wace waya kuma? Ba ga shi a jikin bod, babban faifan da ake jona komai na kwamfuta a kai, ba? Da na haska fitilar waya, sai na ga wani baki a gefensa mai ramuka takwas, a buɗe, yana jiran abinci. Ashe ramin bod wat 75 kawai yake iya bayarwa, shi kuwa wannan bawan Allah wat 170 yake ci in aiki ya kankama. Na zazzage wayoyin fawa-fak ɗina kaf, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, babu mai kai takwas, babu ma mai shida. A jikinsa an rubuta wat 300. An yi shi ne don buga takardar neman hutu, ba don amare ba.

Washegari na koma kasuwa. Wani yaro ya saurare ni da kyau, ya ce, "Alhaji, wa ya ce sai ka canja fawa-fak? Ga adafta." Ban taɓa zuwa ko filin jirgi ba, amma Alhajin nan ya shige ni. Wata 'yar waya ce, gefe ɗaya ta shiga filogin SATA mai ba had-dis (ma'ajiyar bayanan kwamfuta) wuta, ɗaya gefen kai takwas, kuɗinta bai kai na tsire ba. Har ina tausaya wa masu ɓarnar kuɗi.

Kuma ta yi aiki! Na kira uwargida ta zo ta gani, ta leƙo ta ce, "To, Allah ya sa alheri," da irin muryar da take faɗa in na ce zan gyara famfo da kaina. Na ɗora bidiyon wani kamu. Kashi 10, kashi 25, gudu yake kamar an biyo shi. Yana kaiwa wajen 60 allo ya mutu ɗif. Sai wani ƙauri ya tashi. Uwargida ta zabura ta yi kicin da gudu tana salati, ta zaci shinkafarta ce ta kama. Ni kuwa na yi shiru na bar ta ta tafi, don na san tukunyar da ta ƙone.

Ɗan yayata, wanda ko sakandare bai gama ba, shi ya zo ya zaro adaftar da yatsa biyu kamar mushen ɓera. Robar ta narke ta yi baƙi. Ya ce, "Kawu, filogin SATA wat 54 ne iyakarsa. Mai kai takwas kuwa har 150 aka yarda a ja ta cikinsa. Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi." Ya ƙara da cewa masu katin ma fawa-fak mai wat 550 suka ce a sa masa. Na ce ai na sani, gwaji nake. Bai ce komai ba. Yaran yanzu sun iya shiru mai ciwo.

Na ranto kuɗi na sayo mai wat 650, don kada a sake raina ni. Na ce wa yaron ya zauna ya kalla kawai, ya koyi aiki. Sabon fawa-fak ya zo da wayoyi kamar taliya, ciki har da masu kai takwas iri biyu. Na ɗauki ɗaya na tura a bakin kati, ta ƙi. Na juya ta, ta ƙi. Na lura ramukan ba siffarsu ɗaya ba, wasu murabba'i, wasu an shafe musu kusurwa, sai na yanke hukunci cewa kuskuren kamfani ne, na aika a kawo mini reza in feƙe.

"Kawu, don Allah karanta abin da ke jikin filogin."

An rubuta CPU. Ita ce mai rabuwa huɗu da huɗu, ta furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ta katin tana gefe tana kallona, mai rabuwa shida da biyu, an rubuta mata PCI-E ɓaro-ɓaro. Wai inda wuta take bi a ɗayar, a nan hanyar komawar wuta take a ɗayar, don haka da rezar nan ta iso da ragona ya zama toka. Na ce masa dama rezar ta farce ce.

Muka haɗa komai, na danna, shiru. Makunnin bayan fawa-fak yana kan sifili. Na kunna shi, fankoki suka tashi, allo baƙi ƙirin. Na fara lissafin yadda zan shaida wa uwar amarya. Yaron ya sunkuya, ya zare wayar allo daga tsohon ramin bod inda hannuna ya saba kai ta, ya mayar a jikin katin. Hoto ya fito tas.

Na ɗora bidiyon kamu, na gyara zama. Yana kashi 12 aka ɗauke wuta.

Na tayar da ɗan ƙaramin injinmu, wanda firji da fanka biyu suka riga suka cika masa ciki. Kwamfuta ta kunnu lafiya, amma katin na fara jan rabonsa inji ya yi tari, ƙwan ɗaki ya yi ja, ya dawo, ya sake ja. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Malam, naman Sallah ne a firjin nan. Zaɓi ɗaya."

Wayata ta hau ruri. Uwar amarya ce, kira na bakwai. Na ce, "Hajiya, ina wuni? Ai an kusa, saura kashi 88."