Rubuta fifikon hanya a rajistar intanet: buƙatar Yamai ta bambanta da ta Amsterdam

Kusan duk kamfanin da ke raba wa jama'a intanet yana da lambarsa ta musamman da ake kira AS, kuma yana magana da maƙwabtansa ta ƙa'idar BGP, inda kowa yake shelanta adireshin da ake iya kaiwa ta wajensa. Idan hanyoyi biyu ko uku suka nufi wuri ɗaya, tilas kamfanin ya zaɓi wadda zai sa a gaba. Akwai rajistoci da kowa ke iya dubawa waɗanda aka tanada domin rubuta wannan manufa, kamar ta RIPE a Amsterdam, da RADb da Merit ke riƙewa a Amurka, da ta AFRINIC wadda Nijar take ƙarƙashinta. Ina aiki da su a nan Holan, kuma ra'ayina shi ne yadda aka tsara rubuta fifiko a cikinsu ya fi cutar da irinmu ƴan Nijar masu ƙarancin hanyoyi fiye da waɗanda suka tsara shi.

Tun a takardar RIPE-181 ta 1994 ake sa lamba bayan sunan maƙwabci a matsayin tsadar hanyarsa, saboda haka ƙaramar lamba ce take cin nasara. Harshen RPSL da ake rubuta manufa da shi a rajista, wanda aka daidaita a takardar ƙa'ida ta RFC 2622 a 1999, ya gaji wannan tunani: kalmar pref tana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 65535, kuma mafi ƙanƙanta ita ce abar so. To amma a cikin na'urar da ke raba hanya, abin da injiniya yake taɓawa kullum shi ne local-pref, inda babbar lamba ce ke rinjaye, kuma yawancin na'urori suna farawa da 100. An bar wa manhaja ta juya lissafin ta hanyar ɗebewa, bisa zaton cewa daga rajista za a riƙa fitar da saitin na'ura kai tsaye.

Wani ƙanena a sana'a da ke aiki a Yamai ya turo mini layuka biyu da ya shirya, ya ce, "Yaya, duba mini kafin in saka." Ga irinsu, da lambobin misali:

import: from AS64500 action pref=200; accept ANY
import: from AS64501 action pref=100; accept ANY

Nufinsa hanyar farko ce babba, ta biyu kuwa ta ko-ta-kwana, domin haka ya saita a na'urarsa. Abin da ya rubuta kuwa ya faɗi akasin haka, kuma rajista za ta karɓa ba tare da ko tari ba, tunda nahawun bai karye ba. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, domin ƙa'idar da ke neman mutum ya riƙe ma'auni biyu masu saɓa wa juna a kan abu guda ita ce mai rauni.

A nan Turai an daɗe da daina damuwa da wannan. A cibiyar musayar bayanan intanet ta AMS-IX da ke Amsterdam ɗaruruwan kamfanoni ne suke haɗuwa, kuma abin da ake ɗauka daga rajista shi ne jerin adireshin da kowa yake da izinin shelantawa da jerin abokan cinikinsa, a zuba su a manhaja irin bgpq4 ta fitar da matatar da ke tantance shelar da za a karɓa. Layukan fifiko kuwa da yawansu sun tsufa a inda suke, an rubuta su shekaru da suka wuce ba a sake waiwayarsu ba. Ba su jin zafin hakan, saboda wanda yake da hanyoyi barjat, idan ya bi ta biyu maimakon ta farko, da wuya mai waya a hannu ya ji bambanci.

Nijar ba ta da bakin teku, kuma hanyoyin da ke fitar da ita waje ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya: ta Gaya zuwa Kwatano, ta Najeriya, ta Burkina Faso, sai kuma aikin wayar da ke ratsa Sahara wajen Aljeriya da Chadi wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa. Kowace tana da kuɗinta, da jinkirinta, da faɗinta. Ranar 14 ga Maris 2024, sa'ad da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, rezo ya yi rauni a ƙasashe da dama har da tamu. A irin wannan rana tambayar wace hanya ce ta biyu, wace ce ta uku, ita ce aikin baki ɗaya, kamar yadda ƴan kasuwarmu suka gane darajar hanyar Lome bayan rufe iyakarmu da Benin a Gaya a 2023.

Akwai gibin da ya fi juyin lamba girma. Local-pref ba ya fita daga cikin kamfani, kuma abin da yake juyawa shi ne bayanan da ke fita kawai. Alhali mai kallon bidiyo a Tawa ko ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni janyowa suke yi fiye da turawa, don haka nauyinmu yana kan abin da ke shigowa. Wannan kuwa ba ka da iko a kansa, sai dai ka roƙi babban kamfanin da ke sayar maka da hanya, ko ta maimaita lambarka ta AS domin hanya ta yi kamar ta fi tsawo, ko ta liƙa wa shelarka alamar community wadda ya yarda zai girmama. Kowane babban kamfani da ma'anar da ya ba nasa lambobin, kuma duk da cewa RPSL zai iya bayyana su, jimlolin suna da sarƙaƙiya har kusan kowa ya gudu zuwa filin remarks, wato na ƙarin bayani, yana rubutawa da bakin mutane, inda manhaja ba ta fahimtar komai.

Da ni ke tsarawa, da na cire lamba daga idon mai rubutu gaba ɗaya. A bar shi ya jera maƙwabtansa bisa matsayi, na ɗaya, na biyu, da wanda ba a bi sai sauran sun faɗi, manhaja ta ƙirƙiro lambobin da suka dace da kowace na'ura. Sannan a ware gajeren fili mai tsayayyen tsari inda babban kamfani zai ce alama kaza tana rage fifiko, alama kaza tana hana shela ga wane. Na san za a ce kamfanoni ba sa son bayyana wanda suka fifita domin sirrin ciniki ne. Akwai gaskiya a ciki, sai dai matsayi ba ya faɗin farashi, kuma mai bin sawun hanyoyi daga waje yana iya gano da yawa daga cikin wannan ko ba a rubuta ba.

Gyaran da aka yi a RFC 4012 a 2005 ya ƙara IPv6, wato sabon tsarin adireshi, amma ya bar pref yadda yake, kuma ban ga alamar za a taɓa shi nan kusa ba. Kafin nan, ina roƙon abokan aikinmu na Yamai su sa ƙaramar lamba a babbar hanya, su ƙara layin remarks da Faransanci da Ingilishi mai faɗin wace ce ta ko-ta-kwana, kuma su sabunta shi a ranar da suka sauya mai sayar musu da hanya.