Shekara Biyu Ba Ta Isa a Ga Injin da Ke Ture DNA Ba

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta mai cibiya ta jikin mutum akwai zaren DNA mai tsawon kusan mita 2, an cusa shi a cibiyar da ido ba ya gani. Abin da ya sa ya shiga shi ne an nannaɗe shi kamar zare a kan kwarkwaro: harafi 147 na DNA sun zagaye dunƙulen furotin takwas da ake kira histon, wato H2A, H2B, H3 da H4, bibbiyu. Wannan ƙulli shi ne nukiliyosom, kuma a 1997 Karolin Luger da Timothy Richmond suka fito da cikakkiyar surarsa a Zurich. DNA ɗin da ke naɗe ba ya karantuwa sai an sassauta shi, don haka akwai injinan furotin masu ƙona ATP, makamashin ƙwayar halitta, su ture ƙullin gaba ko baya, ko su cire shi. Dangi huɗu ne: SWI/SNF, ISWI, CHD da INO80.

Masu ƙoƙarin ganin surar waɗannan injina yawancinsu matasa ne da suka gama digirin digirgir, suna aiki a kan kwangila. A cikin manyan shirye-shiryen tallafin bincike, na EMBO shekara biyu ne, na Marie Curie ma bai cika wuce haka ba, na HFSP kuwa uku. Wannan wa'adi ya yi kaɗan, kuma gajartarsa tana karkatar da binciken kansa.

Jama'a suna ɗauka wahalar tana wajen na'ura, musamman tun da Dubochet, Frank da Henderson suka karɓi kyautar Nobel a 2017 kan dabarar ɗaukar hoton daskararren furotin da madubin lantarki. Na'urar Titan Krios, wato irin wannan madubi, tana da tsada, gaskiya ne, amma kwana biyu ko uku a kanta sun isa a tara hotuna. Inda watanni ke tafiya shi ne wajen haɗa abin da za a ɗora mata.

Histon ɗaya-ɗaya ake samar da su a cikin ƙwayar bakteriya ta E. coli, inda suke fitowa a dunƙule. Sai a narkar da su da sinadarin guwanidin mai ƙarfi, a haɗa huɗun, a bar su su naɗe kansu a ruwan gishiri mai ƙarfi sosai, a tace a ware dunƙulen takwas daga guntaye. Idan H2A da H2B suka yi ƙaranci, wani ɓangare na abin da zai fito nakasasshe ne. Daga nan a zuba DNA, a riƙa rage gishirin sannu a hankali tsawon dare ko fiye. Wanda ya yi gaggawa, ko ya zuba histon fiye da kima, zai wayi gari ya tarar da farin laka a ƙasan bututu. Wannan fa shi ne ɓangare mai sauƙi.

Injin kansa ya fi ba da wuya. BAF, wato SWI/SNF na ɗan Adam, yana da sassa fiye da goma, kuma sai an samar da su tare a ƙwayoyin ƙwari ko na mutum. Kowane gwaji makonni yake ci, kuma sashe ɗaya da ya ƙi fitowa daidai yakan mayar da mutum farko. Bayan an samu, a ɗiga ɗan mitsitsin ɗigo, maikurolita 3 ko 4, a kan ƙaramar ragar ƙarfe, a tsotse rarar da takarda na 'yan daƙiƙu, a tsoma cikin ruwan sinadarin itan mai tsananin sanyi don ya daskare. A cikin waɗannan daƙiƙu furotin yakan taɓa inda iska ta haɗu da ruwa, a nan kuwa yake wargajewa. Sau da yawa abin da ke bayyana a allo tsirarun nukiliyosom ne, injin ya rabu da su. Wani lokaci kuma duk su kwanta ta fuska ɗaya, taswirar surar da ake haɗawa daga hotunan ta fito a miƙe ta gefe guda. Miliyoyin hotuna kan ragu zuwa dubbai kaɗan masu amfani.

To mutumin da ya san saura masa wata tara, me zai yi? Zai ɗauki jerin DNA da ake kira 601, wanda Lowary da Widom suka zaɓo a ɗakin gwaji a 1998 saboda ya fi kowane riƙe histon. Zai yanke sassan injin masu lilo. Zai ɗaure komai da sinadarin gulutaraldihaid don kada ya watse, ya tsayar da injin cak da ADP da beriliyom fulorayid, waɗanda ke kwaikwayon ATP. Babu laifi a ko ɗaya cikin waɗannan dabaru, da irinsu aka samu surar injin Chd1 a ɗakin Patrick Cramer a 2017, da ta INO80 a ɗakin Karl-Peter Hopfner a 2018, da ta BAF a jami'ar Fudan a 2020. Amma jerin 601 babu shi a jikin kowa, kuma sassan da ake yankewa sau da yawa su ne ke karanta alamomin da ke kan histon, su gaya wa injin inda zai je. Mun san yadda injin yake kama DNA yana tura shi harafi ɗaya a kowane taki. Yadda yake zaɓar wurin aiki a cikin rayayyar ƙwaya, wannan tambayar ce ke buƙatar shekaru, kuma ita kwangilar shekara biyu ke kora.

Abin ba na sha'awar masana kaɗai ba ne. Kusan kashi 20 cikin 100 na cututtukan daji na ɗan Adam suna ɗauke da lahani a wani sashe na SWI/SNF. Rashin SMARCB1, ɗaya daga waɗannan sassa, ne ke bayan wani mugun ciwon daji na jarirai. Mu da sikila ta addaba ma abin ya shafe mu kai tsaye: injin CHD4, cikin rukunin furotin da ake kira NuRD, yana cikin masu rufe hemogulobin na jarirai (sinadarin jini da sikila ba ta shafa) bayan haihuwa, tare da furotin BCL11A. Maganin sikila na Casgevy da aka amince da shi a 2023 ta hanyar raunana BCL11A yake aiki, sai dai tsadarsa da dashen ƙwayoyin ɓargo da yake buƙata sun fi ƙarfin asibitocinmu. Ƙwayar magani da za a haɗiya ta yi irin wannan aiki sai an san ainihin inda waɗannan furotin suke haɗuwa.

Wasu za su ce AlphaFold, shirin kwamfuta mai hasashen surar furotin, ya rage wahala. Ya rage, musamman wajen gane wane sashe ne ke wane wuri a taswira mai duhu. Amma ba ya gaya maka matakan da injin ke bi yana tafiya, kuma ba ya haɗa maka samfur.

Masu ba da tallafi su mayar da wa'adin wannan fanni shekara huɗu, da bita a tsakiya wadda za ta duba ingancin samfur da gwajin aikinsa ko da ba a wallafa komai ba. Ɗakunan bincike su riƙe ƙwararren ma'aikaci na dindindin mai kula da histon da ƙwayoyin ƙwari, don kada kowane sabon zuwa ya ɓata wata shida yana koyon abin da na gabansa ya tafi da shi. Shi kuma mai neman gurbin, kafin ya sa hannu ya tambayi shugaban ɗakin ko an taɓa tace injin a nan, ko an nuna yana ture nukiliyosom a gwaji, da kwana nawa ake samu a kan na'ura a wata, da kuma wanda zai biya albashinsa a shekara ta uku.