An cire tabarau, an ɗaure wuya

Har yanzu akwai masu cewa tilascin sanya tabarau na musamman ne ya kashe talabijin mai 3D, wato mai nuna hoto da zurfi kamar a zahiri, wai da an samu wadda ba ta buƙatarsa da ta karɓu. Ni dai ban yarda ba. Ai an samu, kuma ba ta kai labari ba.

Dabarar nuna 3D ba tabarau ma tsohuwa ce. Tun 1903 Ba'amurke Frederic Ives ya yi wa tasa rajista: a sa shinge mai siraran tsagogi a gaban hoto, idon dama ya hango wasu layuka, na hagu ya hango wasu daban, ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ba ka zurfi. Sharp ta ɗora wannan a allon wayar salula a Japan a 2002, kuma irin shingen ne a 3DS, na'urar wasan bidiyo ta hannu da kamfanin Nintendo ya fitar a 2011.

To ga inda gizo ke saƙar. Tsagogin nan an auna su ne don kai ɗaya a wuri ɗaya. Ka ɗan karkata, hoto ya rabu biyu ko zurfin ya juye. Shingen yana cin haske, yana kuma raba allon: faɗin na 3DS ɗigo 800 ne, amma 400 kowane ido ke samu. Wanda na'ura ke hannunsa zai iya lallaɓawa ya daidaita ta da fuskarsa. Talabijin fa? Abin kallon taro ce, wani a kishingiɗe, wani a gefe, yaro na zirga-zirga. Toshiba ta gwada a ƙarshen 2010 da masu inci 12 da 20, tana watsa hoto ta kusurwa tara don a rage matsalar, duk da haka sai ka nemi wurin zaman da ya dace.

Ko 3DS ɗin da ita da ire-irenta suka sayu fiye da miliyan 75, a ganina wasanninta ne suka sayar da ita. Cikin 'yan watanni aka karya farashinta a Amurka daga kusan dala 250 zuwa 170. Abu mafi hikima a jikinta shi ne ɗan maɓallin gefe da kake ja ka rage zurfin ko ka kashe shi ɗungurungum. A 2013 ma kamfanin ya fito da 2DS, babu 3D sam, aka kuma saya.

Gyaran gaske sai a 2014 ya zo, da aka sa kyamara a sabuwar 3DS tana bin fuskar mai wasa tana daidaita shingen. Ya yi aiki ƙwarai, amma fuska ɗaya take bi, na kusa da kai sai dai ya jira ka miƙa masa.