Sai daji ya ƙone ƙurmus sannan za ku zo mana jaje?

Makon jiya wani dattijo, shugaban kwamitin sa-kai na ƙauyukan da ke gefen wani gandun daji, ya hau motar kasuwa ya je sakatariyar ƙaramar hukumarsu da takarda guda ɗaya tak. Sa hannu kawai yake nema, don ƙaramar hukuma ta mara wa buƙatarsu baya zuwa ma'aikatar muhalli ta jiha, a saki kuɗin share layin tare wuta kafin ciyawa ta gama bushewa. Tun hantsi yake kan benci, sai bayan azahar aka ce ya shigo.

"Ranka ya daɗe, kan maganar gobarar daji ne."

Jami'in, sa'an ɗan cikinsa, ko ɗago kai bai yi daga kan waya ba. "Ta tashi ne?"

"Ba ta tashi ba tukuna, shi ya sa muka zo da wuri."

"To Baba, wutar da ba ta tashi ba kake so mu kashe? Daji na jiha ne. In ta tashi ku kira 'yan kwana-kwana."

Dattijon ya ce motar kwana-kwana tana can birni, kuma babu hanyar mota cikin dajin. Sai yaron nan ya sa bayan hannu ya turo masa takardarsa. "Sai ku dage da addu'a."

Wannan wulaƙanci ne, kuma jahilci ne. Gobarar daji tun kafin ta tashi ake kashe ta, kuma aikin yana da lokacinsa: daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba. A lokacin ake share layi mai faɗin mita 10 zuwa 20 a kewayen gandu da tsakaninsa da gonaki, a sare ciyawar har ƙasa, a kwashe ta da manjagara. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara ciyawar a bakin layin, sai ta zama gadar da wuta za ta bi ta tsallaka. Gefen arewa maso gabas ake ƙara wa faɗi, don daga can iskar hunturu ke kaɗowa, ita ke ɗaukar tartsatsi. Inda gamba ta yi tsayi, ana sa mata wuta da gangan tun tana da sauran ɗanyantaka, da yamma lis in iska ta kwanta, a kunna ta tana fuskantar iska don ta tafi a hankali. Irin wannan wuta lasar ƙasa kawai take yi. Amma ta Janairu zuwa Maris, wadda mai farautar gafiya ko mai cin zuma ko mai gawayi ya bari, ita ce ke hawa kan kaɗanya da ɗorawa, ta cinye duk dashen bara, ta lashe harawa da karan dawa, wani lokaci har rumbu.

Kayan aikin fa? Adduna, fartanyu, manjagara, faifan roba mai doguwar ƙota na bugun wuta, injin feshi na goyo mai lita 16, da man babur na malamin daji. Sai ladan matasa 15 zuwa 20 a kowane ƙauye. Maƙwabtanmu a Nijar sun daɗe suna biyan mutanen karkara su share irin waɗannan layuka a makiyayan Tawa da Maraɗi da Damagaram.

Kuma ƙarya ne a ce babu ruwan ƙaramar hukuma. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa bunƙasa noma da albarkatun ƙasa cikin ayyukan da take da hannu a ciki. Tun 1981 akwai asusun kula da muhalli, kuma jihohi da ƙananan hukumomi suna da kasonsu a cikinsa. A 2015 an kafa hukumar katangar bishiyoyi ta tare kwararowar hamada domin jihohi 11 na Arewa. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To ina kuɗin suke shiga? Kowace damina a tara 'yan jarida a dasa bishiyoyi, kowane rani wuta ta cinye su, don babu wanda ya sa kwabo a kasafi domin tsaronsu. Malaman daji suna ritaya ba a maye gurbinsu. Dajin da hukuma ta ƙaurace wa kuwa, mun ga yadda ya koma maɓoyar 'yan bindiga a dazukan Rugu da Kamuku.

Mu ma da laifinmu. Mun san mai cinna wutar nan don kama gafiya, ɗan uwanmu ne, sai mu rufa masa asiri, gobe kuma a yi faɗa da makiyayi saboda ciyawa ta ƙare ya faɗa gona.

Kansiloli, ciyamomi, takarda ɗaya aka roƙe ku. Ku sa mata hannu, ku bi ta har ofishin kwamishina, ku fitar da naku kason na adduna da mai a cikin watan nan, tun ciyawar ba ta zama ashana ba.