Tsinke Goma da Fim Mara Kala

Asarar farko da son tsofaffin finafinan "wa ya yi kisan" ya ja min ita ce ranar da na dawo daga kasuwa na tarar da talabijin ɗina a kife kan tabarma, an kwance bayanta, mai gyara ya tsuguna a kanta da sukundireba a baki. Uwargida ce ta kira shi. Wai ta kunna ta ga kala ta gudu, mutane duk sun yi furu-furu kamar an yi musu wanka da toka. Ashe filash ɗina na manta a jiki, wani fim na 1944 ne ke ta tafiya abinsa. Shi kuwa gwanin har ya gano cutar, wai abin da ke ba da kala ne ya ƙone, sai an aiko da shi daga Legas. Da ya ɗaure muka kama tasha, sai ga mai karanta labarai da hularsa ja jawur. Duk da haka sai da ya karɓi kuɗin kwancewa da ɗaurewa.

Tun daga ranar 'yan majalisarmu suka sa ni a gaba. Mutum da talabijin mai inci 43, a ce ba ya kallon komai sai abin da kakanninmu suka gaji da shi? Na yi bayani har na gaji. Fim ɗin da ba shi da kala, haske da inuwa su ne ke yin duk aikin. Fitila ɗaya ake dasawa daga gefe, a rage ta ɗaya ɓangaren, sai rabin fuskar mutum ya haskaka, rabi ya nutse a duhu, kai kuma ka zauna kana tunanin wane rabin ne na gaskiya. Ga kuma dokar tace finafinai da aka fara tsanantawa a Amurka a 1934: ba a nuna ta'asa ƙiri-ƙiri, kuma mai laifi ba ya shan ruwa lafiya a ƙarshe. Wannan takura ita ta koya musu wayo. Inuwa a bango, hannu cikin safa yana murɗa ƙofa, ihu ɗaya, kofi ya faɗi ya fashe. Sauran zuciyarka ce za ta ƙarasa, kuma ta fi kowane darakta mugunta. Ko inda aka nuna jinin ma, baƙin ruwa ne kawai. Darakta Alfred Hitchcock da ruwan cakulan ya yi nasa jinin a fim ɗinsa Psycho na 1960, duniya ta firgita. Abin da ya fi kama ni kuwa, ba sa yi wa mai kallo rowar hujja. Komai a gabanka ake ajiye shi, kai ne dai idonka ke wani wajen.

Da baki ya ƙi aiki, na ce su zo su gani da ido. Daren Asabar, bayan isha'i, a falona.

Na zaɓi And Then There Were None na 1945, wanda René Clair ya shirya daga littafin Agatha Christie na 1939, don labarinsa ko yaro zai bi. Mutum goma a wani gida cikin tsibiri, baƙi takwas da barori biyu, mai gidan ba a gan shi ba. Aka sa faifan garmaho, murya ta lissafo wa kowa ran da ake zargin ya salwantar. A tsakiyar teburin cin abinci akwai 'yan mutum-mutumi goma, duk wanda ya mutu sai a tarar ɗaya ya fashe ko ya ɓace. Ba jirgi, ba waya. Mai kisan yana cikinsu.

Tun la'asar na zauna gyaran talabijin, don fim irin wannan, in aka bar shi yadda kanti suka saita, ya lalace tun kafin a fara. Na farko girman hoto: an ɗauke shi kusan murabba'i ne, sai a sa shi a 4:3, a haƙura da baƙaƙen ginshiƙai biyu hagu da dama. In aka bar shi a 16:9 ya cika allo, kowa zai yi faɗi kamar an zauna masa a ka. Na biyu, a fita daga yanayin nan mai ƙyalli da ake jan hankalin masu saye da shi, domin yana mayar da farin shuɗi-shuɗi. A koma yanayin silima. Kada a ɗaga haske don "a gani sosai", baƙin zai koma toka, inuwar da aka sha wahalar ginawa ta wanke. Kaifin hoto a sauke shi ƙasa, in ba haka ba ɗan yashin da ke jikin tsohon fim zai zama kamar tururuwa ta fito a fuskar jaruma. Abin nan da ke sa motsi ya yi santsi, a kashe shi. Sauti kuma layi ɗaya ne, in ka kunna masa na kewaye da ɗaki, muryoyin sai su faɗa rijiya. Kuma kada a yi rowar data wajen saukowa: kwafin da aka matse ya koma megabayit 300, a wurin duhu yake fara tonon asiri, baƙin ya rinƙa fashewa gida-gida kamar zanen dara.

Duk wannan na yi shi. Abu ɗaya na tsallake, zan zo kansa.

Sai kuma dabarar da nake ganin ta fi ta kowa: na sayo tsire tsinke goma, na jera a faranti kan ƙaramin tebur, daidai da mutum-mutumin fim. Na kafa doka, ba mai taɓawa sai an gama, wanda ya fara faɗin mai kisan daidai shi ke da faranti.

Mu bakwai ne. Ni, da tela maƙwabcina, da malamin firamare, da mai cajin waya na bakin layi, da ƙanin uwargida da ya zo hutu daga jami'a, da ɗana mai shekara tara, sai Kawu, wanda ya zo duba ido asibiti ya sauka a wurinmu. Kawu ya ce shi ba kallo ya zo ba, a dai ba shi matashi. Ya kishingiɗa bakin teburin, ya ja hula ya rufe fuska.

Aka kashe fitila. Ba a yi minti biyar ba tela ya ce, "Wai wane ne bos ɗin?"

Na ce ai abin da za mu zauna nema ke nan.

"To wane ne jarumin?"

Na ce shi ma sai a hankali.

"Babu bos, babu jarumi, babu kala. Waƙa fa?"

Allah ya taimake ni akwai waƙa, wani ɗan sarki mashayi ya zauna ya kaɗa fiyano ya rera ta yara, ya kurɓi abin da ke kofinsa, ya faɗi matacce. Falon ya yi tsit. Mai caji ya gyara zama. Daga nan ban sake jin ƙorafin kala ba.

Tunda babu fassarar Hausa, ni na zama mai fassara. Na tsaya gefen allo ina juya magana, ina canza murya, ina nuna fuskoki da tsinke a hannuna kamar malamin allo: wannan alƙali ne, wannan likita, wannan tsohon soja, ku lura da idon wannan. Har na ba su sirrin sana'a kyauta. Na ce duk wanda aka tara wa zargi tun da wuri, ku wanke shi, ba shi ba ne. Wanda hankalinku bai taɓa zuwa kansa ba, shi za ku riƙe. Kawu dai tun mutuwa ta biyu yake jan minshari.

Ana tsakiyar wurin da su ma wutar gidansu ta mutu suka koma kyandir, aka ji ƙarar bindiga, aka tarar da alƙali a zaune da rauni a goshi, sai ɗif, mu ma aka ɗauke tamu. Tela ya yi salati da ƙarfi. Ƙanin uwargida ya fita tayar da ƙaramin janareta, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai. Ya ja, ya ja, ya ƙi. Laifina ne, na zuba baƙin mai ya wuce kima, filogi ya yi baƙin ƙirin da hayaƙi. Sai da ya kwance shi, ya kankare, ya goge da tsumma, sannan inji ya yi tari ya kama. Minti goma sha biyar muna zaune a duhu, kowa na kare wanda yake zargi.

Aka dawo, aka ci gaba. Nan ne abin da na tsallake ya cim mini. Na sauko da rubutun Turanci mai fitowa a ƙasan allo, na duba minti biyun farko na ga ya dace, na rufe. Ashe an auna shi ne da kwafin faifan Turai mai tafiya hoto 25 a daƙiƙa, nawa kuma na silima ne mai 24. Bambancin kamar ba komai, amma taruwa yake: cikin awa ɗaya rubutu ya riga baki da kusan minti biyu da rabi, kafin minti na 90 ya ba da ratar fiye da uku da rabi. Matsar da shi gaba ko baya ba ya magani, domin ratar ƙaruwa take yi. Sai dai a nemo wanda ya dace da kwafinka, a kuma gwada farko, tsakiya da kusa da ƙarshe. Ni da kunne nake fassara, ban kula ba. Na dai lura malam yana dariya tun kafin a yi abin dariya, na ɗauka kaifin ƙwaƙwalwa ne.

Wanda bai ga fim ɗin ba ya yafe min, dole in fasa ƙwai. Saura mutum biyu a bakin teku, yarinya ta ɗaga bindiga, kowa ya riƙe numfashi, sai malam ya matso da tabarau ya ce, "Ikon Allah. Alƙalin da aka harbe ɗazu, ya na ga sunansa a ƙasa yana bayani?"

Haka aka yi. Alƙali da likita suka haɗa baki ya yi mutuwar ƙarya, don a cire shi daga lissafi ya samu sarari. Asirin da aka riƙe minti casa'in, rubutu ya zubar da shi a tsakar falo. Malam ya ce faranti nasa ne. Tela ya ce karatu ba bincike ba ne. Na kunna fitila in raba gardama.

Faranti wayam. Sai albasa da takardar da ta sha mai.

Abin da ya kamata in yi shi ne dariya. Amma shekara da shekaru ina kallon yadda ake yi, ga dama ta zo har gida. Na murɗa makullin falo na jefa a aljihu, na ce ba mai fita. Na sake kashe fitila, na kunna tocilar waya, ina haska fuskoki daga ƙasa. Ina kake lokacin da aka ɗauke wuta? Wa ke damanka? Me ya sa ka yi salati da ƙarfi haka, ko don ka rufe ƙarar tauna? Tela ya rantse. Mai caji ya buɗe baki na leƙa. Kawu ban ko haska shi ba, mutum yana barci tun ɗazu.

Da na zo kan ƙanin uwargida, yatsunsa suka yi ƙyalli. Na ja numfashi, na zagaya shi sau ɗaya, hannu a baya. Ɗalibi ne, yunwar makaranta ba ta sakin mutum ko a hutu. Shi kaɗai ya tashi cikin duhu. Hanyar ƙofa ta gaban tebur ta bi. Ga mai a hannu. Na nuna shi na ce, "Kai ne."

Ya ce, "Yaya, man inji ne fa."

A hasken tocila, man ƙuli da baƙin mai duk ƙyalli ɗaya suke yi, kamar dai cakulan da jini. Da na shinshina da an wuce wurin, amma jami'in bincike ba ya shinshina bayan ya yanke hukunci.

Sai aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, uwargida ce, ashe tun ɗazu tana bayan labule. Ba ta kalle ni ba, ba ta kuma kalli inda Kawu yake ba, saboda kunya. Ɗanta kawai ta kira.

"Zo nan. Hura min iska."

Yaro ya hura. Yaji har inda nake.

"Kai da wa?"

Ya sunkuyar da kai, ya nuna matashi da ɗan yatsa. Minshari ya tsaya cak. Hula ta ɗaga, ido ɗaya ya buɗe.

Na ce, "Kawu, ashe ba barci kake ba?"

Ya ce, "Gobe ka ce wa mai naman ya rage yaji, akwai masu gyambon ciki." Ya ɗaga gefen darduma, ga tsinkaye a jere kamar an ƙirga su za a kai banki. Duk wanda ya mutu a allo, yaro ya miƙo ɗaya ta ƙarƙashin tebur. Lokacin ɗauke wuta aka yi babban kamu. Kawu shida, ɗan aike uku ladan dako.

Na ba ƙanin uwargida haƙuri a gaban jama'a, ya ce ba komai, amma washegari kuɗin motarsa na komawa makaranta sai da ya ninka.

Shida da uku tara ne. Na ƙirga sau uku. Kawu ya rantse bai san na goman ba, yaro ma haka. Na ce a bar shi, ko manya an yi musu: lokacin da ake shirya The Big Sleep na 1946, masu fim sun rasa gane wa ya kashe direban gidan, suka aika wa marubucin littafin, Raymond Chandler, telegiram, ya ce shi ma bai sani ba. Malam ya jinjina kai. Tela ya tambaya ko akwai wani irinsa Asabar mai zuwa, amma a zo da tsiren bayan an gama.

Da safe uwargida ta kawo min koko da ƙosai. A gefen faranti ta ajiye wani tsinke, an tanɗe shi tas.

"A aljihun gaban rigarka na same shi, wanda kake nuna mutane da shi jiya. Rigar kuma sai an jiƙa ta, mai ya kama."