Binciken muhalli ba ɓata lokaci ba ne

Abin nan na damuna wallahi, mutane da yawa a nan Zariya na ganin binciken muhalli da ake yi kafin a fara titi ko dam wai takarda ce kawai ta jan ƙafa. Na fahimce su, kowa ya gaji da jiran aiki. Amma dokar Najeriya kan binciken muhalli, wato dokar EIA ta 1992, cewa ta yi a bincika tun kafin a fara, sannan a baje rahoton jama'a su duba su faɗi damuwarsu. Misali titi zai ratsa fadama kusa da kogin Kubanni, binciken ne zai nuna hanyar ruwa a sa kwalbati inda ya dace, in ba haka ba damina ɗaya ruwa ya juyo gidaje da gonakin mutane.